Izinin gini a Ingila: wa ke duba aiki, wa ke biyan mai dubawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekarar 2025 aka fara sauke benen Grenfell da ke yammacin Landan, hawa bayan hawa. Shi ne benen nan mai hawa 24 da ya kama da wuta a daren 14 ga Yuni 2017, cikin azumin shekarar 1438, mutum 72 suka rasa rayukansu, da yawansu Musulmi. Allah ya jiƙan 'yan uwanmu. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, gyaran da ya jawo bala'in ba a ɓoye aka yi shi ba. Hukuma ta duba, ta sa hannu, ta ba da takardar kammala aiki tun 2016.

A Ingila izini biyu ne, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko na tsarin gari ne: ko ginin ya dace da wurin, ko zai tare wa maƙwabci haske. Na biyu, wanda shi ne zancenmu, ya shafi lafiyar ginin kansa: harsashi, ƙarfin ginshiƙai, hanyar tsira idan gobara ta tashi, magudanar ruwa. Tushensa dokar gini ta 1984 ce da ƙa'idojin 2010. Mai gini yakan kai wa ƙaramar hukuma cikakken zanen aikinsa, ta amsa masa cikin mako 5, ko fiye da haka idan sun yarda a ƙara. Idan ƙaramin aikin gida ne, ya sanar da ita kawai ya fara. Daga nan jami'i zai riƙa zuwa: in an haƙa harsashi kafin a zuba kankare, in an shimfiɗa bututu kafin a mayar da ƙasa, sannan a ƙarshen aiki. Hikimar a fili take, abin da siminti ya rufe ido ba ya sake ganinsa.

To ina aka samu ɓaraka? Tun 1985 aka yarda kamfanoni masu zaman kansu su ma su riƙa yin wannan dubawa. Mai gini ne zai zaɓi wanda zai duba shi, shi ne kuma zai biya. Sai ƙananan hukumomi suka koma neman ciniki, suna gudun kada tsanani ya kore musu mutane. Kwamitin binciken da tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya jagoranta, a rahotonsa na Satumba 2024, ya nuna cewa masu dubawa sun ɗauki kansu masu yi wa 'yan kwangila hidima, alhali aikinsu tsare rayukan mazauna ne. A Grenfell jami'in ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea aiki ya yi masa yawa, horonsa kuma bai kai ba, har aka lulluɓe benen da farantan alminiyum masu roba a ciki, robar da ke ci kamar fetur. Ɗan kwangila ya dogara cewa jami'i zai kama kuskure, jami'i ya dogara da maganar ɗan kwangila. Kuma kada a manta, ƙaramar hukumar da ta duba aikin ita ce mai benen.

Dokar 2022 ta ɗan gyara. Daga Oktoba 2023, gidan zama da ya kai mita 18 ko hawa 7 wata hukuma ta ƙasa ce ke amincewa da shi, mai gini ba shi da zaɓi. Masu gine-gine suna kukan jinkiri, kuma kukansu da gaskiya a ciki. Amma mu a ganinmu gyaran rabi ne, domin ƙananan gine-gine, waɗanda su ne mafi yawa, har yanzu mai su ke zaɓar mai duba shi.

Ɗalibai su sani malamanmu na Malikiyya sun daɗe da wannan babi. Ibnur Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 8 na Hijira, ya rubuta Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Alƙalai ne ke tura shi ya dubo bangon da ake jayayya a kai, ya dawo ya gaya musu abin da ya gani. Ba mai bango ke ɗauko shi ba.

A nan wajenmu sau da yawa ko takardar ma babu. Benen da ya rufta a Duwala a Yuli 2023 ya kashe fiye da mutum 30, kafinsa kuma ga kantin Achimota a Akara a 2012. Mu duba masallatanmu da makarantun Islamiyya: harsashi an zuba shi don hawa ɗaya, gudummawa ta shigo, sai kwamiti ya ce a ɗora bene, yara ɗaruruwa za su zauna a ƙarƙashinsa. Kafin a zuba dakin, kwamiti ya kai zane ofishin magajin gari, ya kuma ɗauko injiniyan da kuɗinsa ba daga aljihun ɗan kwangila zai fito ba, ya haƙa gefen harsashin ya ƙirga rodin da idonsa.