Gunaguni Ba Ya Cika Rumbu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana Kirista, ko da ya ke sauran masu karatu ma ba za su rasa abin tsinta ba.

Ni akawu ne, kullum ina tsakanin takardu da mutane, abin da na fi ji kuwa shi ne gunaguni. Mutum ya yi waƙa a majami'a ran Lahadi, ran Litinin ya zo ofis fuska a murtuke, tun kafin ya zauna ya soma: hatsi ya yi tsada, albashi ba ya kai ƙarshen wata, an ƙara wa wane girma an bar shi. Ban ce ƙarya ya ke yi ba, wahala akwai ta. Amma fa 'ya'yanmu suna ji, kuma abin da su ke koya shi ne, bangaskiya rigar Lahadi ce, da an taso sai a tuɓe a sa a adaka.

Ku duba Manzo Bulus. A birnin Filibi aka yi musu bulala shi da Sila, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakad dare sai ga su suna addu'a suna waƙar yabon Allah, sauran 'yan sarƙa suna saurare, kafin asuba yari da iyalinsa sun ba da gaskiya. Da gari ya waye aka aiko a sake su, Bulus ya ƙi fita a ɓoye, sai da mahukunta su ka zo da kansu, domin an doke su ba shari'a alhali suna da 'yancin Romawa. Kun ga ke nan neman hakki dabam, gunaguni dabam. Wanda aka zalunta ya kai ƙara inda ya kamata, amma kada ya bar zuciyarsa ta yi tsami.

In wani ya ce wannan labarin nesa ne, to, ga na gida. Wajen 1914 waɗansu daga cikin mutanen da a ke kira Isawa, da su ka karɓi bishara ta hannun Likita Mila na Zariya, su ka kafa ƙauye a Gimi. Su ka share daji, su ka yi gonaki, su ka buɗe makaranta. Bayan 'yan shekaru ƙudan tsando ya kawo musu ciwon barci, ya kashe mutane da yawa, har garin ya watse. In akwai masu dalilin cewa Allah ya yashe su, ai su ne. Amma waɗanda su ka tsira ba su saki addininsu ba, ba su kuwa hana 'ya'yansu karatu ba. A 1929 mishan ta koma Wusasa, aka gina majami'a ta ƙasa da asibiti da makaranta. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga wannan ba, amma haƙurinsu ne iri. Mahaƙurci mawadaci.

Saboda haka ga shawarata. Da safe, kafin ka tuna da bashi, ka tara iyalinka ku karanta ko aya biyar, ku yi addu'a. In ka je wurin aiki, ka yi shi kamar Ubangiji ne zai duba littafin da kansa: kada takardar talaka ta kwana a ƙarƙashin tebur tana jiran goro, kada kuma ka huce haushin albashi a kan masinja. Da dare kuwa, kowa a gidan ya faɗi abu guda da zai gode wa Allah dominsa, har ƙaramin yaro. Wannan ba zai sauko da kuɗin mudu ba, amma zai hana tsada ta cinye maka zuciya bayan ta cinye aljihu. Mai zuciya a kwance shi ke iya tunanin mafita, shi ke kuma ganin maƙwabcin da ya fi shi bukata, ko Kirista ne ko Musulmi.

Allah ya ba mu zuciya mai godiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Naka,
Akawu, Zariya.