Ƙofa Muke Nema, Ba Fenti Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata waɗanda takardun kwangila ke bi ta teburinku, ina roƙonku wata alfarma guda. Idan hutu ya zo kuka koma gida, ko Bichi ne, ko Ɗambatta, ko Makoɗa, ko Tsanyawa, ku taka zuwa makarantar da aka koya muku abacada, ku ƙirga azuzuwan da ke da ƙyauren da ake iya rufewa daga ciki. Ni na yi wannan ƙirga a ƙauyenmu, kuma ban buƙaci yatsun hannu biyu ba. Tagogi sun zama ramuka, awaki ke kwana a aji, ga bango kuwa ya sha sabon fenti, har da allo mai ɗauke da sunan wanda ya yi aikin.

Da a ce zamanin lafiya ake, sai mu ce sakaci ne irin wanda muka saba gani, mu yi tsaki mu wuce. Amma ba zamanin lafiya ake ba. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare, kuma yara 344 aka sako bayan kusan mako guda a daji. A Fabrairun 2021 aka yi Kagara, aka yi Jangebe inda aka kwashi 'yan mata 279. A 2024 aka yi Kuriga, a Nuwamban 2025 aka yi Maga da Papiri. A wannan shekara ta 2025 kuma maharan suka riƙa tsallakowa daga Jihar Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta har sau nawa zai jira kafin ya shafa wa nasa ruwa?

Me hukuma ta yi bayan Jangebe? Ta rufe makarantun kwana goma a Jihar Kano, cikinsu har da ta 'yan mata da ke Kunci, ta kuma sallami ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta. Ban ce an yi laifi a wannan rana ba, gama rai ya fi karatu. Abin da nake tambaya shi ne, a watannin da ɗakunan suka zauna babu kowa, mene ne ya hana a kira masu walda? Rufe makaranta ba ya cin kwabo, sanarwa ce kawai a rediyo. Ɗan mai hali a mai da shi makarantar kuɗi cikin birni, mai katanga da maigadi. 'Yar talaka kuwa ta koma talla, kuma sau da yawa daga nan sai ɗakin miji.

Na san abin da masu wayo za su ce: wai ƙofa ba ta tare harsashi, wanda ya zo da bindiga ba ƙyaure ne zai mai da shi ba. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce ƙofa soja ce. Aikinta ta ɓata wa ɓarawo lokaci, ta tilasta masa yin ƙara. A nan ne ƙasarmu ta bambanta da wuraren da makaranta ke bakin ƙungurmin daji. Arewacin Kano gona ce ta haɗu da gona, gida na kallon gida, ba ka tafiyar kirki ba ka ji kukan jaki ko dakan mata ba. Ɓarawon mutane da ya shigo irin wannan ƙasa yana da doguwar hanyar komawa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne gari ya farka kafin ya gama. Idan ɗakin kwanan yara ƙyaurensa na langa-langa ne, da shuri ɗaya an shiga. Idan kuwa na ƙarfe ne, sai an yi ta duka, kuma kowane bugu kiran unguwa ne, dama ce ga malami ya buga waya, dama ce ga yara su sulale ta baya. A Ƙanƙara ma da yawa daga waɗanda suka tsira, katanga suka haura da suka ji harbi.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da digiri ba. Lokacin da rundunar Damagaram ke kawo hari har Gezawa a zamanin Sarki Alu, ƙauyuka kafi suke yi, garuruwa su ja ganuwa su sa ƙyaure. Ba su ce tun da maharin yana da doki da bindiga a bar gari a buɗe ba.

Sai dai a yi hattara, domin akwai ƙofar da ta fi rashin ƙofa sharri. A Nuwamban 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana, ɗalibai 7 suka rasu, yawancinsu a turereniyar neman hanyar fita. Duk wanda zai dasa rodi a kowace taga ya kuma garƙame yara da kwaɗo daga waje, kurkuku ya gina, kuma ranar da wuta ta kama shi ne ya kashe su. Ƙyauren da muke nufi na ƙarfe ne mai kauri, mai buɗewa waje domin taro ya iya tura shi, da sakata sama da ƙasa daga ciki wadda yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta iya zarewa cikin duhu. Kowane ɗakin kwana ya kasance da ƙofa biyu, gaba da baya. Tagogi a sa musu rodi, amma a bar aƙalla guda wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Sannan a kafe gindin ƙofar cikin kankare, gama ƙyaure komai ƙarfinsa banza ne in an liƙa shi a bulon da aka yi wa rowar siminti. Za a fizgo shi ne gaba ɗaya da abin da ke riƙe da shi. Duk mai walda da ke bakin kasuwar Bichi ya san wannan aiki.

To, ina kuɗin? Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta sa kwatankwacinsa. A ƙarshen 2022 aka fito da wani tsari na naira biliyan 144.8 don shekarun 2023 zuwa 2026. A Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. An yi taruka, an buga littattafai masu sheƙi, an sha lemo. Ina so wani ya fito ya gaya wa jama'a ƙyaure nawa waɗannan kuɗi suka zama a ƙauye. Fenti ana ganinsa daga titi, kuma yana fita kyau a hoto. Sakata kuwa tana bayan ƙofa, babu mai yanka mata zare, shi ya sa ba ta da mai so a ofis.

Ku ma'aikata, ku ne ke rubuta takardar cewa aiki ya kammala. Kada ku sa hannu sai kun je kun girgiza ƙyauren da hannunku. A ba masu waldan gari aikin a gaban iyayen yara da dagaci, domin wanda 'yarsa ke kwana a ɗakin ba zai rage kaurin ƙarfe ba.

Mu ɗalibai kuwa, ina kira ga ƙungiyarmu ta raba wa kowa takarda kafin a tafi hutu: sunan makaranta, yawan ɗakuna, ƙofa nawa ke rufuwa daga ciki, taga nawa ke da ƙarfe, ɗakin kwana nawa ke da hanyar fita ta biyu. Idan aka dawo a tara su, a buga a wannan mujalla, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kai kwafi Ma'aikatar Ilmi da Majalisar Dokokin Jiha, a kuma rubuta ranar da aka kai.