Tsakanin Sakkwato da Jidda Sa'a Biyar Ne, Sai A Shirya Tun A Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Garbadu da Mafara da Bakura da Maradun, ga magana a kan tafiyar hajji cikin jirgin sama.

Ku sani, daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka daɗe suna tashi, zuwa filin Sarki Abdul'aziz a Jidda, wajen kilomita 3,700 ne a miƙe, watau mil 2,300. Daga Kano kuwa wajen kilomita 3,400. Jirgi yakan cinye wannan cikin sa'a biyar ko kusa da haka. A 2023, da yaƙi ya tashi a Sudan aka rufe samaniyarta, sai jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru.

Kakanninmu sun bi wannan nisa a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, su shiga jirgin ruwa a Sawakin. Wani ya yi shekara, wani ya yi bakwai yana noma a hanya, wani kabarinsa na can. Amma ba mai wuce mikati cikinsu bai sani ba, domin a hankali ake isa gare shi.

To, nan ne matsalar take. Jirgi yana gudun kamar kilomita 14 cikin minti guda. Wanda za a sauke a Madina ba shi da damuwa, zai ɗauki harama a Zul Hulaifa ran da zai nufi Makka. Amma wanda za a sauke a Jidda, kuma Makka zai wuce kai tsaye, zai ratsa daidai mikati yana sama, bayan ya ƙetare Bahar Maliya ko yana bisanta. Risala ta ambaci Juhfa ga mutanen Sham da Masar da Magrib. Malamai sun saɓa ko Jidda kanta tana isarwa, mafi yawansu sun ce a'a, wanda ya wuce ba harama kuwa jini ya hau kansa. Mu abin da muka gani, a fita daga saɓani: a yi wanka a ɗaura zane tun a Sakkwato, a ƙulla niyya kafin a kai. Mai jiran a yi shela sa'an nan ya tashi neman jakarsa, ya makara.

Sai salla. Agogon Jidda ya riga namu da sa'a 2, domin gabas ake fuskanta. Wanda ya tashi ƙarfe 12 na rana, kafin zawali, zai sauka ƙarfe 7 na can, rana ta faɗi ko tana bakin faɗuwa. Azahar da La'asar duka a sama za su same shi. Da yawa sukan bar su wai sai an sauka, alhali Makka suka nufa! A shiga da alwala, a yi ƙasaru, a tsaye ana fuskantar alƙibla in akwai wuri, in babu a zaune.

Muna roƙon limaman Juma'a da masu bita su tambayi hukumar alhazai filin da za a sauka da sa'ar tashi, su karanta wa maniyyata babin nan tun cikin Shawwal. Wassalam.