RASIDIN HAYA KUƊI NE, KU NEME SHI KAFIN DISAMBA TA ƘARE



Jiya a majalisa wani abokina, ma'aikacin gwamnatin tarayya a nan Gusau, yake ta ƙorafin harajin da ake cire masa a albashi. Na ce masa ina rasidin hayar gidanka? Ya ce wane rasidi, ai hannu da hannu muke yi da maigidan. To ka ga inda gizo ke saƙar.

Sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa kai tsaye. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. Sauran sauƙin kuma sai wanda ya nema da takarda a hannu.

Na farko, kuɗin haya. Ana cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya daga kuɗin da za a yi wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Idan hayarka 600,000 ce, an cire 120,000 ke nan. A matakin kashi 15, naira 18,000 sun tsira. Wani zai ce ƙanƙani ne. Malam, je ka tambayi mai 'ya'ya a makaranta.

Na biyu, abin da kake zubawa a asusun fansho, asusun gidaje na NHF da inshorar lafiya, duk ana cire su. Karɓi takardar albashinka ka duba ko an lissafa. Mai hali yana iya ƙara zubin fansho na ganin dama, amma ya sani kuɗin za su jima bai taɓa su ba.

Na uku, inshorar rayuwa. Mai gudun riba ya nemi takaful, ya tambayi ofishin haraji kafin ya biya.

Ra'ayina, dokar nan ta fi yi wa mai takarda daɗi, mu kuwa da amana muka saba ciniki. Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye ya kama ɗaki a gari, wa ya ba shi rasidi? Ya kamata hukumar tara haraji ta jiha ta shiga rediyo ta yi wa mutane bayani da Hausa, ta fito da takardar shaidar haya mai sauƙi. Masu gidaje kuma don Allah ku daina gudun rubutu, Alƙur'ani ma ya yi umarni a rubuta bashi.

Ku tattara rasidanku yanzu, ku kai wa akantan ofishinku. Ranar 31 ga Maris ce wa'adin miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara, kada a bari sai ranar.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.