Ɗan Dila Ba Ɗan Kwikwiyo Ba Ne

A kakar da ta wuce wani ɗalibina ya zo makaranta da ɗan dila cikin kwali, wai a rami ya tsince shi bakin gonarsu, zai rene shi ya haɗa shi da karyar gidansu don ya samu karen farauta. Na ce masa ya maida shi inda ya ɗauko tun uwar ba ta bar wurin ba. Ga dalilina.

A shekarar 2015 masana suka binciki jinin wannan dila namu, suka gano ya fi kusa da kyarkecin Turai da Asiya, shi kuwa kare daga tsatson kyarkeci ya fito. Saboda haka barbara tsakanin kare da kyarkeci tana yiwuwa. A Amurka har sayar da irin waɗannan ruwa-biyu ake yi. Suna ƙanana gwanin sha'awa, amma da sun kai shekara 2 ko 3 sai halin dawa ya motsa: haƙa rami, tsallake katanga, farautar dabbobin maƙwabta. Hali zanen dutse ne. Gida ba ya riƙe su, daji kuma ba su san shi ba, sai a kai su gidajen reno su ƙare rayuwarsu bayan waya.

Mu duba kusa da mu. A tsaunukan Habasha, ƙasar da kogin da muke sha yake fitowa, akwai wani jan kyarkeci da bai wuce 500 ba a duniya. A tsaunin Bale karnukan makiyaya sun yi barbara da shi, sun kuma sa masa ciwon haukan kare, wanda ya kashe da yawa a 1991 da 2003. Ciwon nan bai san dila ba, bai san yaro ba.

Wa zai riƙe mana dabbar in ta gagare mu? Gidan ceton namun daji da aka kafa a Albagair, kudu da Khartum, yaƙin 2023 ya rutsa da shi. A watan Nuwamba ƙungiyar Four Paws ta kwashe zakoki da kuraye zuwa Wad Madani, a Disamba yaƙi ya iske su can, daga baya aka fitar da wasu zakokin zuwa ƙasar waje. Ashe ko masu sana'ar ma da ƙyar suke iyawa, balle ɗan aji shida.

Don haka iyaye, mu hana yara ɗauko 'ya'yan namun daji. Mu ɗaure karnukanmu da dare, mu yi musu allura inda ta samu. Wanda kare ko dila ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ranar nan.

Yaron dai ya maida shi, ko da yake kwana uku bai gaishe ni ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.