DANDALIN MATASA: Intabiyu Ba Shutin Ba Ne, Sau Ɗaya Ake Ɗauka

A lokeshin, idan jarumi ya yi tuntuɓen harshe, darakta zai ce "kot!", a gyara, a sake. Wani sin ɗin sai an ɗauke shi sau goma kafin ya yi, kuma mai kallo a gida bai san an yi ba. To, akwai wani sin guda a rayuwar matashi da ba a sake shi, wato ranar da zai zauna gaban masu intabiyu yana neman aiki. Minti goma ne ko sha biyar. Abin da ya fito, shi ya fito.

A wannan fitowar, filin ya karkata ne ga samari da 'yan matan Birnin Gwari, domin nasu intabiyun yana zuwa da wani ƙarin nauyi. Da zarar an duba takarda an ga sunan garin, sai a ɗago kai a dubi mutum, wani da tausayi, wani da zargi. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu babu babbaka a dajin yankin ne suka jawo haka. A ƙarshen watan Satumba 2021 har layukan waya gwamnatin Kaduna ta sa aka toshe a yankin na tsawon makonni. Sai a watan Nuwamba 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar kara ta garin bayan sulhu, kasuwar da ta yi shekaru a rufe. Yaran da suka tashi a cikin wannan hali su ne ke neman aiki yanzu. Abin da ya kamata su riƙe shi ne: masu intabiyu ba labarin wahala suke saye ba, abin da mutum ya iya suke saye.

TAKARDU TUKUNA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa tun a bakin ƙofa ake sallamarsu, ba su ma ga fuskar masu tambaya ba. Dalili? Suna ya bambanta. A takardar WAEC ko NECO an rubuta Muhammad, a katin NIN an rubuta Mohammed, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran wannan yana cin lokaci, don haka tun kafin a ji sanarwar ɗaukar aiki ya kamata a soma shi.

Mai neman aiki ya tanadi takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, da hotunan fasfo sababbi. Kowace takarda da ta asali da fotokwafi, a cikin fayil mai tsabta, ba a dunƙule a aljihun wando ba. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka salwanta a lokacin gudun hijira kada ya zauna yana jimami. Ana yin rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, sannan a nemi madadin takardar daga inda aka bayar da ita.

Sai batun hanya. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna wajen kilomita 120 ne, amma duk wanda ya san hanyar Buruku ya san ba a yi mata alƙawarin lokaci. Idan intabiyu ƙarfe tara na safe ne, a tafi tun ana gobe, da rana tsaka, a kwana wajen 'yan'uwa. Gara mutum ya isa da awa guda yana jira, da ya shigo yana haki, riga duk jar ƙura.

A YI RIHAZAL

Babu jarumin kirki da ke zuwa gaban kyamara bai karanta labari ba. Haka ma mai neman aiki. Wanda ke son koyarwa ya tuna abin da ya faru a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Darasin shi ne, takardar NCE kaɗai ba ta wadatar. Ana iya miƙa wa mutum alli a ce ya koyar da rabawa ga 'yan aji huɗu nan take. Wanda ke son aikin gandun daji kuwa, abin kunya ne ɗan Birnin Gwari ya kasa faɗin cewa dajin Kamuku ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100.

Wayar da ake kallon fim da ita ma tana da amfani a nan. Aboki ya zauna a matsayin shugaban kwamiti, ya yi tambayoyi, a ɗauka a bidiyo, a kalla. A nan ne mutum zai ga yana sosa ƙeya, ko yana kaɗa ƙafa, ko yana cewa "am... am..." kafin kowace kalma. Yawancin intabiyu da Turanci ake yi, amma ba gasar manyan kalmomi ba ce. Gajeren Turanci mai fita sarai ya fi dogo mai karyewa a tsakiya. Idan ba a fahimci tambaya ba, a roƙi a maimaita. Wannan ba laifi ba ne.

SHIGA DA GAISUWA

Ba lallai sai kwat ba. Kaftani wankakke, gogagge, da hula, ya wadatar. Askin gayu irin na jaruman waƙa da tabarau baƙi a bar su sai ranar biki. Budurwa ta yi shigarta ta mutunci, hijabi ko mayafi mai tsabta, ba tare da kwalliyar zuwa dina ba. Waya a kashe ta tun daga waje.

Akwai wani abu da ke kayar da 'ya'yan Hausawa, kuma tarbiyya ce ta jawo shi. A gida an koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban manya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. A ɗakin intabiyu kuwa, wani zai ɗauki wannan a matsayin tsoro ko rashin sani. Mafita ita ce a haɗa biyun. A yi sallama, a ɗan rusuna, a ce "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe", a jira sai an ce a zauna. Daga nan a ɗago kai, a dubi mai tambaya, a buɗe murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. 'Yan mata musamman su kula: kunya ado ce, amma amsar da ba a ji ba daidai take da wadda ba a bayar ba.

TAMBAYA MAI ZAFI

Ga inda gizo ke saƙar. Za a duba takarda a ce, "Ka gama sakandare tun shekara huɗu, me kake yi tun lokacin?" Wani sai ya fara kawo labarin harin da aka kai ƙauyensu, da shanun da aka kora, har idonsa ya kawo ruwa. Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne, amma bai amsa tambayar ba. Wani kuma sai ya ƙirƙiro aikin da bai taɓa yi ba, ya manta ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amsa mai kyau ita ce irin wannan: "Yallaɓai, rashin tsaro ya tsayar da karatuna, sai na koma gona tare da mahaifina. Ni nake rubuta lissafin taki da na buhunan masara, da yamma kuma ina koya wa ƙannena karatu." Jimla ɗaya ga matsala, sauran duk ga abin da aka yi. Wanda ya ji wannan ya ga mai riƙon amana, mai lissafi, wanda bai zauna ba.

Sannan sunan garin kansa jari ne idan an iya juya shi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ma'aikata da yawa ba sa son a tura su ƙauyuka irin su Kuyello, Randagi ko Dogon Dawa. Ɗan gari zai iya cewa, "Ni can ne gidanmu, in an tura ni zan zauna." Wanda ke jin Fulatanci ko Gwaranci ko yaren Kamuku ya faɗa. Amma a aikin tsaro a kiyayi cika baki irin na "ai duk 'yan daji na san su". Wasa ne a majalisa, a ɗakin intabiyu kuwa yana iya zama abin bincike. Shaidar mai unguwa ko hakimi ta fi kowane kirari.

A ƙarshe, hattara da 'yan damfara masu cewa a kawo kuɗi su saya wa mutum gurbi. Hukumomin soja da na 'yan sanda sun sha nanata cewa cike fom ɗinsu kyauta ne. Kada a sayar da akuyar Inna a kai wa ɓarawo.

Idan an gama, a yi godiya, a fita a natse, a kuma tabbatar lambar wayar da aka bayar tana shiga. In ba a dace ba, a zauna tun a daren a rubuta tambayoyin da suka gagara, domin su ne karatun intabiyu na gaba. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma zaunar da Birnin Gwari lafiya. Sai fitowa ta gaba.