Ba a fafe gora ranar gobara

A wasu bankuna, otal-otal da ɗakunan ajiyar kaya na Yamai, Maraɗi da Damagaram, wanda ya ɗaga kai zai ga bututun ruwa a jikin rufi, da ƙananan kawunan fesa ruwa jere. Mai gini ya biya kuɗi, an ba shi takarda, hankalinsa ya kwanta. Yaushe rabon da wani ya gwada ko ruwa na fita?

Aikin na'urar ba ya da wuyar fahimta. Irin da aka fi sani, kowane kai na ɗauke da ƴar kwalba mai jan ruwa. Idan zafi ya kai digiri 68 sai ta fashe, ruwa ya zubo daidai inda wuta take. Amma kwalba ba ta haihuwar ruwa. Idan an rufe bawul an manta, ko tanki ya bushe, ko injin gazuwal ya ƙi tashi bayan ɗaukewar lantarki, ko mai fenti ya shafe kan, to abin da ke sama ado ne kawai.

Amurka ta ga haka a 1991. Wuta ta kama bene na 22 na wani dogon gini, One Meridian Plaza, a birnin Filadalfiya. Ƴan kwana-kwana suka tarar ruwan bututun ginin ba ya da ƙarfi, domin an saita bawul ba daidai ba. Uku daga cikinsu suka rasu. Wutar ta ci gaba da hawa har bene na 30, inda kawuna 10 masu aiki suka tsayar da ita. Gini ɗaya, gobara ɗaya.

Ƙasar da babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982 ba ta buƙatar a koya mata barnar gobara. Duk da haka, da an yi maganar gwaji sai a ji “kuɗi” ko “ƙaddara”. Gobara na iya zama ƙaddara. Bawul a rufe kuwa hannun mutum ne ya rufe shi.

Abin da ake nema kaɗan ne: a tada injin kowane mako, a ɗaure bawul a buɗe da sarƙa da kwaɗo, a duba ma'aunin ƙarfin ruwa, a rubuta rana da sunan mai dubawa. Jami'in da ya sa hannu bai ga ruwa ya fita ba, shaidar zur ya bayar, kuma masinja da mai shara ne za su biya da rayukansu.